Yadda Na Je Adar Ɗauko Zalika

Tun da na dawo ba a kwana biyu wani bai tare ni da tambayar yaya na samu Nijar ba. Matan da muka yi aikin karɓar haihuwa tare kafin in ajiye aiki sun tambaya, maƙwabta sun tambaya, har mai nama ya tambaya. Kullum amsa ɗaya nake bayarwa: lafiya lau, sai zafi. Amsar ba ta ishe su ba, ni ma na san ban faɗi komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ƙanwata Rakiya ce dalilin tafiyar. Shekara goma sha tara ke nan da ta auri Isuhu, wani Ba'adare da ke kawo albasa Sakkwato, ya tafi da ita ƙauyensu can bayan Takanamat, arewa da Tawa. Ita takan zo mana jefi-jefi. Ni ban taɓa zuwa ba. Lokacin bikinta ina da tsohon ciki, daga baya kuma kullum sai in ce aiki. Ran nan da hantsi ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, Zalika ce. Yau kwana arba'in ba ta ce uffan ba. Ki zo." Zalika ɗiyarta ce, shekarunta goma sha shida. Rabona da ita tun tana da shekara tara, yarinya mai surutu da ba ta iya zama wuri ɗaya.

Kwana biyu bayan haka na shiga motar Illela.

A bakin iyaka na fara jin kunya. Ma'aikacin ɓangaren Nijar ya karɓi takarduna ya duba, ya miƙo hannu ya ce, "Hajiya, karne." Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne "kare ne". Na gyara mayafi na ce, "Ɗana, wane ne karen?" Mutanen da ke bayana suka kwashe da dariya, shi kansa sai da ya sunkuyar da kai. Ashe katin rigakafi yake nufi, haka suke kiransa da Faransanci. Katin yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin tsaraba. Kafin in zaro shi ƙullin daddawa ya kwance, ta watse a gaban teburinsa. Na durƙusa ina tsincewa, shi kuma yana yi mini bayanin amfanin rigakafi, ni da na shekara talatin ina tsira wa mutane allura.

Daga Ƙonni zuwa Tawa Hausarmu ɗaya da su, har lafazin, sai dai ba ka ankara za a jefo maka Faransanci a tsakiyar magana. Makaranta lakwal ce, asibiti kuma likita suke ce mata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shingen jandarma. A wajenmu direba ne ke leƙa kai ya yi magana a wuce. A can kowa sai ya sauka, ya riƙe katinsa a hannu, ya taka da ƙafa ya wuce shingen, sannan mota ta biyo. Ba mai gardama. Yawancin fasinjojin maza ne masu dawowa daga biɗa, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, wasu daga Abijan, wasu daga Legas. Wanda ke kusa da ni ya ce shekara huɗu rabonsa da gida, yana da ɗan da bai taɓa gani ba. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Wajen Badagishiri taya ta fashe, muka zauna gindin wata bishiya, wata mata ta dama mana furar da har yau ban sha irinta ba.

A Tawa na sauka gidan Madam Saratu, ma'aikaciyar asibiti, Kirista 'yar wajen Maraɗi. Mun haɗu ne shekarun baya a wani taron ungozomomi, muka riƙe zumunci ta waya. Na tarar ta ajiye mini sabuwar buta da sallaya, ta kuma nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai tauri, na rasa ta inda zan fara, ita kuwa ta karya shi a gwiwa ta miƙo mini rabi. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta ajiye kofinta ta ce, "Hajiya, in kin je kada ki yi faɗa da kowa. In kika yi faɗa ba za su ba ki ita ba." A lokacin ban gane dalilin maganar ba.

Motar arewa sai ranar kasuwa. Buɗaɗɗiya ce, an loda buhuna, mutane suka hau samansu, ni direba ya tausaya wa tsufana ya sa ni gaba. Da muka bar kwalta sai rairayi. Sau biyu muna kafewa, maza su sauka su tura, Buzaye da rawunansu har ido, ba mai ɗaga murya. Daga Takanamat amalanken jaki na hau, muka isa ƙauyen gab da la'asar.

Abin da na fara lura da shi, babu maza. Akwai tsofaffi, akwai yara, akwai mata ko'ina, amma namiji mai ƙarfi sai ka yi ta dube-dube. Duk sun tafi biɗa. Isuhu ma yana Libiya.

Rakiya ta rungume ni ta yi kuka mara sauti. Ta tsufa fiye da ni, alhali na ba ta shekara takwas. Ta zaunar da ni, ta zuba mini ruwa a kwanon sha, na shanye tas saboda ƙishin hanya. Sai da na sauke kwanon idona ya kai kan jarkar da ta zubo ruwan. Farar jarka ce, takardar jikinta ta koɗe, amma hoton bai goge ba: ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye.

Na ce, "Rakiya, wannan jarkar mece ce?"

Ta ce, "Ta maganin ƙwarin garka ce. Ai mun wanke ta da toka tun tuni. Ba ta fashewa, kowa irinta yake so."

A daidai lokacin na hango Zalika.

Tana zaune ƙarƙashin rumfar kara a bayan ɗaki, ta jingina da dirka, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Akwai igiya a idon sawunta, ɗaya bakin an ɗaure shi a dirkar. An naɗa tsumma a ƙafar don kada igiyar ta ci mata fata. Wannan tsumman ya fi igiyar tayar mini da hankali, don na san uwarta ce ta zauna ta naɗa shi da hannunta. Na kira sunanta. Ta dube ni, na ga ta gane ni, sannan ta mayar da idonta ƙasa.

Na tuna maganar Madam Saratu, na haɗiye abin da ya taso mini.

Kakanta, Baba Alhasan, mahaifin Isuhu, ya shigo gaishe ni. Tsoho ne mai natsuwa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, me ta yi kuka ɗaure ta?"

Ya ce, "Hajiya, ba horo ba ne. Da hantsi aka iske ta zaune a bakin rijiya, ƙafafunta na ciki. Sau biyu. Ubanta ya bar mini amanarta. An yi rubutu, an yi turare, an kai ta wajen masu iska, ba abin da ya sake. In kin san wata dabara da za ta hana ni binne jikata, faɗa mini."



Washegari maƙwabciyar Rakiya, wata Buzuwa mai suna Gaishatu, ta ce in zo in ga garka, wato lambu. Akwai wani tabki a gefen garin, in ruwa ya ja baya sai a shuka tumatir da kabeji da albasa a bakinsa. Mata ne ke aikin. Tun daga nesa warin ya doke ni, wari mai hawa kai. Na tarar da wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba, cikinta ya kai wata bakwai, tana riƙe da bokiti. Ba injin feshi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Tsintsiya take tsomawa cikin bokitin tana yarfa wa tumatir, ruwan yana gangaro mata har gwiwar hannu, zanenta ya jiƙe a daidai cikin. Da tsintsiyar ta zame cikin bokitin sai ta zura hannu ta ɗauko.

Na ce, "Ɗiyata, ba ya sa ki jiri?"

Ta yi murmushi ta ce, "Yana sawa, Inna. In na sha nono sai ya wuce."

Na ce ta ajiye, na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurare ni cikin ladabi har na gama, sannan ta ce, "To in tsutsa ta cinye, mi za mu ci?" Ta jira na matsa gaba kaɗan, ta ci gaba da aikinta.

A gidan Gaishatu aka dafa mini shayi irin nasu, ƙananan kofuna, sau uku, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Ta karya mini cuku busasshe in haɗa da shi. Tana fifita gawayi ta ce, "Ni da Rakiya tare muka yi wancan aikin, tare muke da ciki, ita na Zalika. Shekarar fari ce. Gero bai yi ba, mazan suka watse. Isuhu wata bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, har aka fara cewa ya mutu a sahara. Rakiya kullum kuka, ga yunwa, ga mai garka bai biyan kowa sai wadda ta yi yarfe. Nawa ɗan yanzu ba ya zama gida, ba ya barci, ya fara shan ƙwaya, ran nan ya ɗaga wa kakansa hannu. Akwai wata a can gefen masallaci, tsararsu ce, ita kuma tsoro, ko inuwarta ta gani sai ta firgita." Ta zuba shayin daga sama ta ƙara da cewa, "Amma akwai waɗanda aka haifa shekarar, lafiyarsu lau. Shi ya sa mutane ke cewa iska ce, ita ke zaɓe."

Na koma gida. Na zaunar da Rakiya a ɗaki na yi mata tambayoyi irin waɗanda nake yi wa masu ciki a wurin aiki. Ta ce an haifi Zalika ƙarama ƙwarai, ta yi jinkirin tafiya. A lakwal tana da ƙoƙari amma ba ta iya natsuwa, malamai suka yi ta dukanta har ta bari. Tun tana sha huɗu ta fara kuka ba dalili, ta daina cin abinci sosai, sai kuma shirun nan. Na ce ban da garka, akwai wani maganin da ta yi hulɗa da shi lokacin cikin? Ta ce waken da suka samu a ɗakin kwananta aka ajiye shi, da maganin ƙwari a cikin buhunan. Sai kuma fiya-fiya, wanda take yayyafawa ƙarƙashin gado kowace yamma ta rufe ƙofa saboda sauron tabki.

Raina ya ɓaci na ce, "Fiya-fiya, da ciki, a rufaffen ɗaki? Wane mara hankali ne ya ba ki wannan shawarar?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba da fushi ba. Ta ce, "Yaya, ke kika aiko mini da shi. Kwali guda, ta hannun direban albasa. Kika ce zazzaɓi na kashe mai ciki, kada in yi wasa."

Na tuna. Na tuna shagon da na saya, na tuna na naɗe kwalaben da tsohon zane don kada su fashe a hanya, na tuna yadda na ji daɗi a raina cewa na yi wa ƙanwata abin kirki. A shekarun nan na ga mata da yawa da zazzaɓi ya tafi da su da cikinsu, shi kaɗai nake tsoro. Gidan sauro yana nan ana sayarwa, ban aika da shi ba, don na ɗauka maganin ya fi ƙarfi. Ni ce mai ilimin gidanmu. Abin da na ce shi ake yi.

Na fita na je na zauna kusa da Zalika a ƙasa. Muka zauna har aka kira azahar.

Da yamma na je wurin Baba Alhasan na durƙusa na ce, "Baba, ku ba ni ita in kai ta likita a Tawa. Ba na ce a bar addu'a ba. Ni zan zama igiyar, ba za ta matsa daga idona ba." Ya ce sai da yardar ubanta. Aka hau wani tudu inda waya ke kamawa aka kira Isuhu. Da farko ya ƙi, ya ce in an ji an kai ta wajen masu taɓin hankali ta gama samun miji ke nan. Na ce, "Isuhu, gari duka ya ga igiyar. Me ya rage a ɓoye?" Sai na ji muryarsa ta karye ya ce, "Yaya, ku tahi da ita."

Tsohon da kansa ya kwance igiyar. Ƙullin ya ƙi, ya sa haƙori. Da ta miƙe sai ta yi taga-taga, ƙafar ta saba da zama.

A Tawa Madam Saratu ta kai mu, ni da Rakiya da Zalika, wajen wani likita, matashi mai haƙuri. Ya daɗe da Zalika, yana tambaya tana gyaɗa kai ko ta girgiza. Ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ana maganinsa, amma sai an jure, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Da aka fita da ita na tsaya na zayyana masa komai, garkar, yunwar, kukan uwarta, waken, har kwalin da na aika. Na ce, "Likita, gaya mini gaskiya, wanne ne ya jawo?"

Ya ce, "Hajiya, ke ma kin san abin da uwa ta shaƙa ko ta taɓa yana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki, kuma ƙwaƙwalwa a lokacin take ginuwa. Yunwa ma tana taɓa shi, tashin hankalin uwa ma haka. In suka haɗu sun fi muni. Sannan ga abin da yarinyar ta gani bayan an haife ta, dukan lakwal, uba ba ya nan. Amma in ce miki wannan kwalbar ce ta yi, ko waccan tsintsiyar, ba ni da wannan sanin, ba kuma wanda zai iya ce miki haka a kan mutum ɗaya. Wani ya sha irin wannan ya tashi lafiya."

Na so ya ce ni ce, ko ya ce ba ni ba ce. Ko wanne ya faɗa da na san inda zan ajiye shi.

Muka yanke shawarar Zalika ta biyo ni Sakkwato, inda zan iya sa mata ido in kuma ci gaba da kai ta asibiti. Rakiya dole ta koma, akwai ƙananan yara da tsoho. Kafin mu rabu na saya mata jarkoki sababbi da gidan sauro, har da na yarinyar nan mai ciki, na haɗa da safar hannu. Na san ba su isa komai ba. Madam Saratu ta ce za ta yi magana da ma'aikatan lafiya na wajen Takanamat a kan matan garka. Ban san inda maganar ta kwana ba.

A tasha Rakiya ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ni na yi mata, ko?"

Na ce, "Ke kin ciyar da ita ne da abin da kika samu. In akwai mai laifi, ki fara da ni."

Ta ce, "Ke ma ai so ne." Ta gyara wa Zalika ɗankwali, ta juya ta tafi ba ta waiwayo ba.

Yau wata biyu Zalika tana gidana. Ba zan ce ta warke ba. Akwai ranakun da ba ta tashi daga shimfiɗa, akwai ranakun da take cin abinci ta yi wanka ba sai an ce ba. Na sa an yi wa rijiyar gidan murfin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana wuyana.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina tsintar shinkafa a tsakar gida ta zo ta zauna, ta jawo farantin gabanta ta sa hannu. Mun jima muna yi, can sai na ji murya a dishe ta ce, "Inna, a nan ana karɓar manya a lakwal?"

Maganarta ta farko ke nan tun da ta zo, na yi ƙoƙari ban daina tsinta ba. Na ce, "Ana karɓa."

Ta ce, "An ce ba ni da kai."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "Kowa."

Na ce, "Ni ban ce ba."

Ta ci gaba da tsinta. Na ɗauko waya na kira Gaishatu, da ƙyar ya shiga, na ce ta kai wa Rakiya, su hau tudu. Da na ji muryar ƙanwata sai na miƙa wa yarinyar. Ina jin Rakiya daga nesa tana cewa, "Wa ke nan? Yaya?" Zalika ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Ni ce." Daga nan ba wadda ta ƙara cewa komai a cikinsu, kuma ba wadda ta kashe, har katin ya ƙare.